Na je neman kakar mahaifiyata a cikin takardu (ZARE)

1/
Sunan da kuke gani a shafin nan ba ni na fara amsa shi ba. Na kakar mahaifiyata ne, shi ya sa a gidanmu babu mai kirana da shi, Ummi ake ce mini. Shekara ashirin da 'yan kai ina yawo da sunan mace, amma abu biyu kawai na sani a kanta: ta zauna a Kumasi, kuma ta iya koko.

Wata takwas na yi ina bin sawunta. Ku gyara zama, zaren da tsawo. 🧵

2/
Abin da ya tsokano ni wani bidiyo ne. Wata Baturiya tana kuka don ta ga sunan kakar kakarta a takardar ƙidayar Ingila ta 1921. Su can sai ƙidaya ta shekara 100 ake buɗe takardun, shi ya sa aka saki wannan a 2022. A Amurka shekara 72 ne, a 2022 ɗin suka saki ta 1950. Suna, shekaru, sana'a, gidan da mutum ya kwana, duk ga su nan.

3/
Na ce to ni ma bari in gwada. Abin ka da 'yar zamani, na ɗauka in rubuta suna ne kawai a intanet ta fito. Kwana uku ina ƙona data. Masu irin sunanta sun fi a ƙirga, kuma Turawa sun rubuta shi iri uku ko huɗu, kowa yadda kunnensa ya jiyo masa. Babu ko ɗaya da zan ce ita ce.

4/
Sai na tafi wajen Hajiya, kakata, wato 'yarta. Na same ta tana ɓare gyaɗa.

Na ce, "Hajiya, yaushe aka haifi Iya?"

Ta ce, "Uwata, ke da kanki kike tambayata ranar haihuwarki?"

Haka take ce mini, uwata. Da ta gama tsokanar sai ta ce, "Ita dai ta ce shekarar da Sarki Alhaji ya hau aka haife ta."

5/
Wannan shi ne darasi na farko. Tsofaffinmu suna da kalanda, ba irin tamu ba ce kawai. Sarki Alhaji shi ne Sarkin Kano Abdullahi Bayero, ya hau gadon sarauta a 1926. Ga shekarar haihuwa ta samu ba tare da wata takarda ba. In tsohuwa ta ce muku shekarar yunwa kaza, ko shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo, kada ku yi dariya. Ku rubuta. Zuwan Sarauniya 1956 ne.

6/
Labarin da muka tashi da shi a gida shi ne: mahaifin Iya bafatake ne mai safarar goro, shi ya tafi da ita Kumasi tana yarinya, a can ta yi aure, a can ta haifi Hajiya, daga baya suka dawo. Labari mai tsabta, babu ƙura. Ku riƙe shi a ranku, za mu dawo kansa.

7/
Na ce bari in fara daga tushe. Na hau mota zuwa Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Ma'aikatan sun yi mini kirki, suka fito mini da fayil na gundumar su Iya tun zamanin Turawa, rahoton kimanta haraji. Takarda ta yi ja, tana warin tsufa, ina buɗewa a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai.

8/
Ga abin da ke ciki: ƙauye kaza, maza baligai kaza, mata kaza, yara maza, yara mata. Kusa da su: shanu, tumaki, awaki, jakuna. Sunayen da na gani na hakimi ne da dagatai. Dalilin a fili yake, masu mulkin lokacin kuɗi suke lissafi. Haraji a kan magidanta, jangali a kan shanu. Mace ba ita ake bi ba, don haka adadinta ya ishe su.

9/
Ko ƙidayar 1931, lokacin Iya tana wajen shekara biyar, a yawancin Najeriya ba gida-gida aka bi ba. An ƙirga Legas da wasu garuruwa da zaɓaɓɓun ƙauyuka, sauran kuma daga takardun haraji aka yi ƙiyasi. To in ma ta shiga, a cikin "yara mata" take, lamba ɗaya a cikin jimla.

Na dawo Kano jikina a sanyaye.

10/
Hajiya ta ga yadda na dawo, ta ce, "Kin je Kaduna neman abin da ke ƙarƙashin gadona."

Ta sa na jawo wata tsohuwar adaka. A ciki akwai zannuwa, da tasoshi, da wani gwangwanin biskit da ya yi tsatsa. A cikin gwangwanin akwai takardu biyu naɗe a ƙyalle. Ɗaya da Turanci, ɗaya da Larabci.

11/
Ta miƙo mini ta Turancin. Ta Larabcin kuwa ta mayar da sauri, ta ce, "Wannan addu'a ce, ba ruwanki."

Ban ja ba. Ta Turancin ta isa ta hana ni barci: shaidar rajistar aure ce, Kumasi, 1947. Ga sunan Iya, sunana, an rubuta shi a karkace da alƙalamin tawada.

12/
Bari in yi muku bayani. A Ghana, lokacin ana ce mata Gold Coast, Turawa sun yi dokar auren Musulmi a 1907. Ta ce a yi rajistar aure cikin mako guda da ɗaurawa. Waɗanda za su je ofishin su ne ango, waliyyin amarya, shaidu biyu, da limami mai lasisi.

Ku sake karanta jerin. Wa babu a ciki?

13/
Amarya. Takarda ce a kan rayuwarta, amma ba a buƙatar ƙafarta ta taka wurin.

Kuma Musulmi kaɗan ne suka damu da rajistar, don a wajensu an shafa fatiha an raba goro, aure ya ɗauru. Mijin Iya tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama (ba ta Borno ba, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar). A soja ya koyi cewa a wajen hukuma abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba.

14/
Shekarar ma ta yi daidai da bakin Hajiya. Ta ce Iya takan ce an ɗaura aurenta shekarar da rana ta yi husufi, gari ya yi duhu da rana tsaka, kaji suka shige akurki. Na duba: ranar 20 ga Mayu 1947 an yi husufin rana a ƙasar. Baki da takarda sun haɗu. Har tafi na yi ni kaɗai a ɗaki.

15/
Murnata ba ta daɗe ba. Na duba gurbin waliyyi. Ba sunan mahaifinta ba ne. Ba na yayanta ba ne, ba na baffanta ba. Wani suna ne da ban taɓa ji a danginmu ba.

In mahaifinta ne ya kai ta Kumasi, ina yake ranar aurenta?

16/
Na tambayi Hajiya. Ta ce mai masaukinsu ne. A zangon Kumasi haka tsarin yake, baƙo yana sauka a gidan wani maigida, shi ne zai ba shi ɗaki, ya haɗa shi da abokan ciniki, ya tsaya masa in rigima ta taso. Wanda ba shi da kowa, maigidan ne danginsa.

Na ce, "To Iya ba ta da kowa ke nan?"

Ta ce rana ta yi, za ta yi salla.

17/
Na ƙyale ta, na koma kan ƙidaya. Ghana ta yi ƙidaya a 1948, sannan ta yi babbar ta a watan Maris 1960, bayan samun 'yanci. An samu mutum wajen miliyan 6.7, kuma kusan kashi 12 cikin 100 asalinsu daga wasu ƙasashe ne. Har littafi guda aka buga a kan ƙabilu, da layin Hausawa a ciki.

18/
Abin da na samu littattafan jimla ne, babu sunaye. Amma na daɗe ina kallon layin nan, ɓangaren mata. Hajiya ta tuna ranar, tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta ce malamin ƙidaya ya tambayi sana'ar Iya, mijin ya ce "matar gida ce". Iya daga cikin ɗaki ta ɗaga murya ta ce, "Wa ke ciyar da gidan?"

19/
Don kuwa kafin asuba take tashi. Ta jiƙa gero tun dare, ta kai niƙa, ta tace, ta dama koko da citta da kanumfari da barkono, ga ƙosai a gefe. Masu dako da direbobi su ne abokan cinikinta. Har gobe a Ghana "Hausa koko" suke ce masa. Da kuɗin kokon da adashi ta gina ɗakuna a Aboabo. Takardar filin kuwa da sunan miji.

20/
Mijin ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Sai ga 1969. Ranar 18 ga Nuwamba gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutanen da suka shekara ashirin, talatin, wasu ma a can aka haife su, kamar Hajiya. Yawancinsu ba su taɓa sanin ana neman wata takarda ba.

21/
Hajiya in ta zo nan a labari Hausarta takan juye ta koma ta zango, inda mace ma "ya" ake ce mata. "Iya ya sayar da ɗaki kuɗin banza. Iya ya ɗauki adaka a kai."

Babbar mota ta bi da su ta Togo da Dahomey zuwa iyakar Idiroko, daga Ikko suka hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Adakar nan da ke ƙarƙashin gado, ita ce.

22/
Yanzu ku duba lissafin da na yi. Ƙidayar Najeriya ta 1952 da ta 1963, tana Kumasi. Ta Ghana ta 1970, an riga an kore ta. Ta Najeriya ta 1973 ita ce kaɗai ta same ta a gida da girmanta, ita kuma gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. Kafin ta 1991 ta rasu.

Inda aka ƙirga ta da kyau, a matsayin baƙuwa aka ƙirga ta.

23/
Wani abu da mahaifiyata ta tuna: a 1983, da gwamnatin Shagari ta kori baƙi marasa takardu, yawancinsu 'yan Ghana, Iya ta dafa abinci ta kai wa maƙwabtanta masu haɗa kaya. Kuma har ta bar duniya ba ta yarda a kira jakar nan Gana-mas-go a gabanta ba. Takan ce, "Ku ce jaka. Ba ku san nauyinta ba."

24/
Saura takardar Larabci. Ta tsaya mini a rai. Ban ɗauka a ɓoye ba, ko da yake shaiɗan ya raya mini. Na bari sai wani dare da aka ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, na ce, "Hajiya, in addu'a ce ai gara a karanta mu samu lada."

Ta yi shiru har na ɗauka ta yi barci. Can ta ce, "Kai wa malamin Islamiyyarku. Amma ki dawo nan kafin ki gaya wa uwarki."

25/
Malam ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Ya ce, "Wannan ba addu'a ba ce, takardar alƙali ce."

Shekarar Hijira 1364, wato wajen 1945. Khul'i ne, mace ta fanshi kanta daga aure. Sunan Iya, sunan wani miji da ban taɓa ji ba. Ta mayar da sadaki. Sai malam ya ɗan tsaya kafin ya karanta layin ƙarshe: ta kuma bar wa uban riƙon ɗansu.

26/
Ɗa. Iya tana da ɗa kafin Hajiya.

Tana wajen shekara goma sha tara ta tsaya gaban alƙali. Malam ya ce a mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon yaro bayan rabuwa, amma tana iya sarayar da shi a cikin fansar. Abin da ta biya ke nan. Ba kuɗin kaɗai ba.

27/
Shi ya sa ta adana takardar. Mace ita kaɗai a baƙon gari, in za ta sake aure dole ta nuna babu igiyar kowa a kanta. Takardar nan ce ta buɗe mata ƙofar waccan ta 1947. Kuma da yake da Larabci take, duk wanda ya gani sai ya ɗauka addu'a ce, babu mai yarwa, babu mai karantawa. Haka ta tsira shekara tamanin.

28/
Na koma wajen Hajiya. Ban ce komai ba, ta ga fuskata. Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, uwata."

Sannan ta buɗe baki. Babu wani uba bafatake. Auren fari aka yi wa Iya da wanda ba ta so, yana dukanta. Ta yi yaji ya fi sau uku ana mayar da ita. Da ta kai ƙara, danginta suka ce ta ba su kunya.

29/
Wata gwaggonta ce ta sayar da akuya ta ba ta kuɗin fansa. Bayan idda ta bi wasu masu safarar goro, jirgin ƙasa zuwa Ikko, jirgin ruwa zuwa Takoradi, sannan Kumasi. Labarin uba bafatake ita da kanta ta ƙirƙire shi a zango, don bazawarar da ta zo ita kaɗai kun san sunan da za a ba ta.

30/
Na ce, "Yaron fa?"

Ta ce da suka dawo, abin da Iya ta fara yi ke nan, nemansa. Ta same shi magidanci da iyalinsa. Tun yana ƙarami aka ce masa uwarsa ta mutu. Ya zo sau ɗaya, ya tsaya a zaure, ya gaishe ta kamar yadda ake gaishe da baƙuwa, ya tafi. Bai sake zuwa ba. Ita ma ba ta sake ambatonsa ba, sai dai duk sallah takan ɗinka riga ta namiji ta bayar sadaka.

31/
Gaskiya na ji haushinsa. Kwana biyu ina hukunta mutumin da ban taɓa gani ba. Hajiya ce ta tsawata mini. Ta ce, "Ke aka ce wa uwarki ta mutu, kika yi kukanki kika gama, rana ɗaya aka ce ga ta nan, da ranta ta tafi ta bar ki? Kada ki shiga shari'ar da ba ki san farkonta ba."

Na yi shiru, don ban da amsa.

32/
Na nemi izininta in nemi iyalinsa. Ta ce ita ba ta hana ba, ba ta kuma aike ni ba. Sunan uban yana jikin takardar alƙali, sunan ƙauyen ma haka. Ta hannun mai unguwa da wani tsohon ladan muka bi. Bai ɗauki sati uku ba. Shi ya rasu da daɗewa, amma 'ya'yansa suna nan cikin Kano. Tsakaninmu da su kuɗin adaidaita ne.

33/
Na je da mahaifiyata, gabana yana faɗuwa. Babbar 'yarsa ce ta tarbe mu, dattijuwa, ta girmi mahaifiyata. Aka gaisa, aka kawo ruwa. Na ji yaran gidan suna ce mata Mama, ƙannenta kuma suna ce mata Ummi.

Na ce, "Baba, don Allah mene ne sunanki na yanka?"

Ta faɗa. Sunana ne.

34/
An haife ta kafin su Iya su dawo. Wato lokacin da yake ganin uwarsa ta mutu, da ya samu 'yarsa ta fari, sunan uwar ya sa mata. Kuma bayan ya gan ta a zaure ya juya, bai taɓa yarda wani ya kira sunan a gidansa gatsau ba. Ta ce har ya rasu "uwata" yake ce mata.

Mahaifiyata ta rufe fuska da mayafi. Ni ma ban iya riƙewa ba.

35/
Da na gaya wa Hajiya, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ashe ya sa." Ta maimaita sau biyu. Washegari da sassafe ta sa aka jiƙa gero, ta dama koko da hannunta, abin da ta shekara ba ta yi ba saboda ciwon gwiwa, ta ce a kai gidan ɗan'uwanta. Karo na farko ke nan da na ji ta kira shi haka.

36/
Abin da na fahimta a wata takwas: hukuma ta rubuta sunan Iya sau biyu, ranar da ta fita daga hannun wani namiji da ranar da ta shiga hannun wani. Shekara ashirin da huɗu na tashin asuba, da ɗakunan Aboabo, da adaka a kai, babu inda aka rubuta. Amma ba don takardun nan biyu ba, da bakin Hajiya bai buɗe ba. Kowanne ya buƙaci ɗan'uwansa.

37/
In kuna son gwadawa:
• Ku fara da tsohuwar da ke gidanku, yau, ba bayan sallah ba. Ku nemi izini ku naɗi muryarta a waya.
• Ku tambayi sunan yanka da laƙabi da sunan uba da ƙauye.
• Ku tambayi "wane sarki ne a lokacin?" maimakon "wace shekara?"
• Ku ɗauki hoton duk takardar da ke adaka, har wadda aka ce addu'a ce.

38/
• A takardar aure ku duba waliyyi da shaidu, ba ango da amarya kaɗai ba.
• Ku bi masu suna ɗaya a dangi. Duk Ummi da Abba da Iya da Baffa da ke gidanku, akwai wanda suke ɗauke da sunansa.
• In kun tono abin da ba a so a tono, ku koma wajen mai labarin kafin ku zo nan. Wasu sirrikan masu su suna da rai.

39/
Ni ma sai da na karanta wa Hajiya zaren nan kaf kafin in saka. Ta sa na cire sunan ƙauyen da na mijin farko. Ta ce in bar maganar duka, "don 'yan matan yanzu su san ba yau aka fara ba". Kuma ta ce in gyara wuri ɗaya: ba barkono ne sirrin kokon Iya ba, masoro ne.

To na gyara, Hajiya.

40/
Allah ya ji ƙan Iya, ya ji ƙan ɗanta, ya haɗa su a inda babu zaure a tsakaninsu. Ya ji ƙan gwaggon da ta sayar da akuyarta, wadda ko Hajiya ba ta riƙe sunanta ba.

Wanda aka sa wa sunan kaka a cikinku, me kuka sani game da mai sunan? Ku ba ni labari a ƙasa, ina karantawa.